Jirgin Auduga da Yaran Rufa'a Suka Ƙera da Gwangwani

Layin dogo bai ratsa Rufa'a ba. Garin yana gabashin Shuɗin Nilu, tasha kuwa tana ƙetare, a Hasahisa. Duk da haka wanda ya tashi a ƙauyukan Hausawa na wannan yanki ya san kukan gatar, kamar yadda Sudanawa ke kiran jirgin ƙasa, domin a da sautinsa kan tsallako kogi har cikin gida. Abin da kunne ya ji kuwa, hannun yaro ba ya barinsa. Gwangwanin kifi shi ne tarago, murfin kwalba ƙafa, karan dawa layi, a tsinko auduga a cusa a ciki a ce kaya ne za su Fot Sudan.

Wasa ne, amma tarihin iyayenmu ne yaran ke ja da igiya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammad Bello Mai Wurno ya kafa garinsa kusa da Sannar, mahajjata kuma suka yi ta yada zango a bakin kogin. Da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, Hausawa na cikin waɗanda suka duƙa tsinkar auduga. Gumin nan nasu jirgi ne ya kwashe shi.

Jiragen iri biyu ne, kuma a nan mai ƙira na gaske ke nuna gwanintarsa. Akwai babban layin gwamnati, wanda ya iso Wad Madani daga Khartum a 1909, mai faɗin milimita 1,067, daidai da tsohon layin Kano zuwa Legas. Akwai kuma ƙaramin na hukumar Jazira, mai faɗin milimita 610, wanda a da yake kutsawa cikin gonaki yana ɗebo auduga zuwa injinan gurza na Hasahisa da Maranjan. In ka auna babban da yatsu 7, ƙaramin yatsu 4 ne. Wanda ya yi su faɗi ɗaya bai ga ko ɗaya da idonsa ba.

Kan jirgin ma da labarinsa. Masu tururi ne suka fara aiki, sannan wajen 1960 manyan kawunan dizal na kamfanin English Electric suka iso daga Ingila. Mutane da yawa suna zaton injin ne ke juya ƙafafun kai tsaye, kamar na mota. A irin waɗannan manya ba haka ba ne. Injin dizal janareta yake juyawa, wutar da ta fito ta tafi ga wasu injinan lantarki da ke maƙale a jikin ƙafafun, su ne ke jan taragai. Amfaninsa a ƙasa mai ƙishirwa a bayyane yake: mai tururi sai ya tsaya shan ruwa tasha bayan tasha, na dizal kuwa wucewarsa yake yi.

A farkon shekarun 1970 jiragen Sudan na ɗaukar kaya kusan tan miliyan 3 a shekara. Da aka kammala kwaltar Khartum zuwa Fot Sudan a 1980, manyan motoci suka karɓe ciniki, kayan gyara suka yi wuya a Atbara, cibiyar ma'aikatan dogo. Ƙaramin layin Jazira ya tsaya bayan dokar gonakin Jazira ta 2005, aka tuge ƙarafansa. A ganina wannan asara ce da ba ta da hujja, domin jirgi ɗaya na jan abin da motoci da dama ke rabawa. Yaƙin basasar Sudan kuma ya iso Rufa'a a Disambar 2023 ya tarwatsa jama'a.

Yaron yau bai ga jirgin auduga ba. Dattawan da suka yi lodi a Hasahisa suna nan, wasu a gida wasu a gudun hijira. Malamai da iyaye, ku zaunar da su, a tambaye su launin kan jirgin da yawan taragansa da lokacin wucewarsa, a rubuta, sannan a ba yara waya da gwangwani su ƙera shi a gabansu, dattawan su gyara musu.