Sukur, Garin da Ke Bisa Dutse

Yau za mu tafi Sukur. Sukur wani ɗan gari ne bisa duwatsun Mandara, a ƙasar Madagali, cikin Jihar Adamawa. Yana kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Mutanen wurin suna da harshensu dabam, suna kiran kansu Sakun. Sarkinsu kuwa ana ce da shi Hidi.

In mun taso daga Yola, sai mu bi ta Michika har Gulak. Daga nan mu nufi gindin dutse. A nan aikin mota ya ƙare, saura na ƙafa. Hanyar da za mu hau a shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu. Kakannin mutanen Sukur ne suka jera su da hannu, ba siminti, ba injin. Har yanzu ita ake bi. In mun kai bisa, muka waiwaya, sai mu hango fili shimfiɗe har iyakar ganin ido.

Baƙo ba ya shiga gari ya wuce mai gari. Saboda haka sai mu fara zuwa gaishe da Hidi. Gidansa babba ne, an kewaye shi da katangar duwatsu. An ɗora dutse bisa dutse, kowane ya zauna daram. A cikin gari kuma za mu ga rumbuna, da masussuka, da manyan itatuwan kuka.

To, amma babban abin kallo shi ne gonakinsu. Kowa ya san in ruwa ya sauka a gangare, da gudu yake wucewa. Yakan kwashe ƙasa mai kyau, ya bar wa manomi tsakuwa. Mutanen Sukur sun sami maganin wannan tun da daɗewa. Sukan jera duwatsu a gicciye, layi bisa layi, har jikin dutse ya zama hawa-hawa kamar matakala. In ruwa ya zo, sai duwatsun su tare shi. Gudunsa ya ragu, ya nutse cikin ƙasa, ƙasar kuma ta tsaya wurinta. Da haka suke noman dawa da gero da wake da gyaɗa a inda wani zai ce ko ciyawa ba ta fita.

Ga wata dabara kuma. Sukan haƙa ɗaki ya ɗan nutse cikin ƙasa, su gina shi da dutse, su sa bijimi ciki. Nan ake kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Takinsa kuma ba ya ɓacewa, gona ake kai shi.

A dā Sukur ta yi suna wajen ƙarfe. Sukan tara tama daga yashin rafi, su ƙona itace su yi gawayi. Sa'an nan su zuba su cikin matoya, a yi ta zuga har ƙarfe ya fito. Fatake sukan zo daga wajen Barno su saya, maƙera su ƙera fartanya da gatari da lauje. Wajen shekarar 1960 aikin ya mutu, don ƙarfen waje ya yi araha. Amma har yanzu ana ganin kufan matoyan.

Garin nan ya sha wuya. Tsakanin 1912 da 1922 Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya yi ta kai musu hari yana kama bayi. A 1961 yankin nan ya shiga cikin Nijeriya, bayan jama'a sun jefa ƙuri'a. A 1999 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na fari a Nijeriya da ya sami wannan girma. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka afka wa garin, suka ƙone gidaje. Duk da haka mutane suka komo, suka gyara, suka ci gaba da noma.

Wanda ke son zuwa, ya fara tambayar hukuma lafiyar hanya. Ya tafi da rani, don da damina dutse yana da santsi. Ya yi sammako, ya riƙe gorar ruwa, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Akwai wuraren da mutanen garin ke girmamawa, kada ya shiga sai da izini. Kada kuma ya cire ko dutse ɗaya daga katanga.

Jama'a, ba dukanmu za mu sami zuwa Sukur ba. Amma da yawa cikinmu muna da gona a gangare, kowace shekara ruwa yana cinye ta. Duwatsu kuwa ga su nan zube a bakin gona. Mu jera su tun kafin ruwan fari, don mu bar wa 'ya'yanmu ƙasa, ba tsakuwa ba.

Tambayoyi

1. A wace jiha Sukur take?
2. Me ya sa mutanen Sukur ke jera duwatsu a gonakinsu?
3. Wa baƙo zai fara gaisarwa in ya isa garin?