Takobi shida: ina matsayin Isaka Isaka cikin sarakunan kokowa?

A Ingal, garin dabino da bukin gishiri, kokowa ba ta kai tseren raƙuma daraja ba. Amma tun watan Disamba na 2023, lokacin da aka yi gasar takobin ƙasa karo na 44 a Agadas, gardama ɗaya ta zauna a majalisun shayi: duk ranar da Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ajiye walki, a wane sahu za a sa shi?

A can Agadas ɗin ne ɗan kokowar na jihar Doso ya kada Aibo Hasan na Maraɗi, ya ɗauki takobinsa na shida, na uku a jere bayan na Yamai da na Difa. Tun da aka kafa gasar a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, ba wanda ya tara haka. Matasa na ganin magana ta ƙare nan: 'yan kokowa 80 ke shiga fili, goma daga kowace jiha, ɗaya ke fita da takobi.

Dattawa ba su yarda ba. Su Kantu na Maraɗi suke ambata, wanda ya ci takobin farko, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa. A ganinsu, waɗannan su suka share fagen da na baya suka taka.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba a wannan gardama. Yawancin dattawan Ingal ba su taɓa ganin Kantu da ido ba. A Muryar Sahel suka san shi, ta bakin mai ba da labari da kirarin makaɗa, kuma gwarzon da kunne ya sani ba ya tsufa. Shi ko Isaka, kowa ya gan shi a talbijin da wayar salula, har da ranar da Abba Ibrahim na Yamai ya raba shi da takobi a karon ƙarshe na Disamba 2024, a Doso, gaban mutanensa. Dattawa na kafa hujja da wannan faɗuwar. Sai dai ta nuna cewa shekara huɗu a jere, duk mai son takobin Nijar sai ya bi ta kan Isaka.