Sabara: Dukiyar Da Muke Sarewa A Gonakinmu

Duk wanda ya tashi a Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, ya san aikin sharar gona. Da bazara ta kama, sai a miƙa mana adda a ce mu sassabe sabara, mu tara, mu cinna mata wuta. Mun yi hakan shekara da shekaru. Sai da muka shiga jami'a muka gane abin da muke ƙonawa.

Sabara ƙaramar itaciya ce mai rassa da yawa, da wuya ta wuce mita 3. Ganyenta toka-toka ne, da ɗige-ɗige baƙaƙe a bayansa. Masana kimiyya suna kiranta Guiera senegalensis.

Iyayenmu sun daɗe da sanin amfaninta. Ana dafa ganyen don tari da gudawa, makiyaya kuma suna turara shi a garke don korar ƙudaje. Amma fa ba ta maye gurbin asibiti. Idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a nemi likita.

Babban aikinta yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta tana nutsawa can inda akwai danshi. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa da dare tana jawo ruwan nan ta sake shi kusa da saman ƙasa, geron da ke gefenta ya sha. Rassanta suna tare ƙasar da iska ke kwashewa, ganyen da ya zube kuma ya zama taki.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu farga. Tun 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman yankin kan abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar masa rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran. Da wannan dabara aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

A wajenmu gonaki ƙanana ne, takin zamani kuma ya yi tsada. Don haka bana, kafin ku ɗaga adda, ku roƙi Baba ya bar muku tushe biyu ko uku. Idan kaka ta yi, ku gwada zangarniyar da ke gindinsu da ta sauran gonar.