Wa Ya Ba Alƙali Ikon Yafe Haƙƙin Wani?

Sulhu alheri ne ga waɗanda aka zauna da su aka ƙulla shi. Amma shin alƙali na iya sa hannu a kan sulhun da zai toshe bakin wanda bai amince ba? Wannan tambaya ce ta raba kan alƙalan Kotun Ƙolin Amurka a ranar 27 ga Yuni, 2024.

Kamfanin Purdue Pharma ne ya fito da OxyContin a 1996, maganin kashe zafin ciwo da ya jefa ɗimbin Amurkawa cikin jarabar ƙwaya, da dama suka rasa rayukansu. Da ƙararraki suka yi masa katutu, sai ya garzaya kotu a 2019 ya ce ya karye. Masu kamfanin kuwa, iyalan Sackler, ba su karye ba, domin tuni sun kwashe kusan dala biliyan 11 daga asusunsa. Suka yi tayin mayar da abin da ya kai biliyan 6, bisa sharaɗin kada kowa ya ƙara neman diyya a hannunsu kan wannan magani, ko ya yarda ko bai yarda ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince a 2023.

Kotun Ƙoli ta rushe wannan sulhu, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Mai shari'a Neil Gorsuch ya nuna cewa dokar karayar arziki ba ta ba kotu ikon wanke wanda bai ayyana karyewa ba daga haƙƙin mutanen da ba su yafe masa ba. Brett Kavanaugh, wanda ya jagoranci marasa rinjaye, yana da hujja mai nauyi: mafi yawan waɗanda abin ya shafa da suka kaɗa ƙuri'a sun goyi bayan sulhun, kuma kuɗin na jinya ne da ake jira. Wato da babu gara ba daɗi.

A ganina, masu rinjaye ne suka yi daidai, duk da cewa jinkirin ya cutar da masu jira. Uwar da ɗanta ya mutu tana da damar tsayar da attajiri a gaban alƙali, kuma wannan dama tata ce, ƙuri'ar wasu ba ta isa ta sayar da ita ba. Wanda ya karye da gaske dukiyarsa yake ajiyewa a gaban kotu kafin a yafe masa bashi. Iyalan Sackler sun so yafiya alhali suna riƙe da tasu.

An tsorata cewa idan aka rushe sulhun ba za a samu ko sisi ba. A 2025 aka ƙulla sabo na dala biliyan 7.4, kuma a cikinsa duk wanda bai sa hannu kan yafiya ba yana da damar kai su ƙara.