Abuja: Birnin da Ma'aikatansa Ke Kwana a Wajensa

A lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a shekarar 1976, manufarta ita ce a gina birnin da zai kasance na kowa da kowa, ba tare da la'akari da ƙabila ko addini ba. Amma tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991 da aka dawo da hedkwatar mulki daga Legas, wani bambancin na daban ne ya samu gindin zama a Abuja, wato na mai shi da mara shi.

Tushen al'amarin kuwa shi ne fili. Ikon raba filayen yankin yana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma unguwanni irin su Maitama da Asokoro sun kasance na manyan jami'ai da masu hannu da shuni. Direbobi, masinjoji, magina da ƙananan 'yan kasuwa sai suka tare a Nyanya, Karu da Kubwa, wasu ma har Mararaba ta Jihar Nasarawa. Al'adar neman kuɗin hayar shekara guda ko biyu a dunƙule ta ƙara rufe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofa.

Tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, an rushe matsugunai da shaguna masu yawa bisa hujjar sun saɓa wa taswirar birnin ta 1979. A 2006 kuma aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari. Hukuma ta ce tsari take karewa, amma talaka ne ya fi ji a jikinsa.

Wannan wariya tana da tsada ga 'yan kasuwa su kansu. Ma'aikacin da ya baro gida da asuba ya sha cunkoson hanyar Keffi yakan iso aiki a gajiye, kuma janye tallafin man fetur a 2023 ya sa kuɗin mota yana cinye kaso mai tsoka na albashinsa. Mai shagon da ba shi da takardar mallakar fili ba ya samun rancen banki, domin ba shi da abin jingina, sannan tsoron rusau yana hana shi faɗaɗa jarinsa.

Don haka ware filaye masu takarda ga masu ƙaramin ƙarfi a kusa da wuraren aiki, tare da samar da motocin haya masu sauƙin kuɗi, mataki ne da zai amfani mai kamfani kamar yadda zai amfani leburansa.