Wa ke rubuta sunayen masu gadinmu?

A daminar da ta wuce an fasa gidaje uku a layinmu da ke Malali cikin mako biyu, aka kuma ƙwace wayar wata yarinya tana dawowa daga Islamiyya da magariba. Magidanta muka zauna a harabar masallaci bayan isha'i, muka amince mu ɗauki matasa huɗu su riƙa yi mana sintirin dare. Batun kuɗi bai ɗauke mu rabin sa'a ba, kowane gida ya faɗi abin da zai iya bayarwa a wata, aka rubuta. Batun sunaye kuwa sai da muka yi dare uku a kansa.

Wani dattijo cikinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ya ja mana birki da muka so yin gaggawa. Ya ce wanda za ka ba sanda da tocila ya tsaya a ƙofar gidanka kana barci, sirrin gidanka ka danƙa masa: ya san ranar da ka yi tafiya, ya san katangar da ta yi gajarta. Saboda haka aka karanta sunaye a bainar jama'a, aka ba da mako guda ga duk mai ƙorafi ya kai wa liman ko mai unguwa a asirce. An cire sunan ɗan wani mai faɗa a ji, domin kowa ya san halinsa da ƙwaya. An bar sunan wani yaro da ya taɓa bin 'yan sara-suka, bayan kawunsa ya miƙe ya tsaya masa a gaban mutane. Ran wasu ya ɓaci, amma babu wanda ya ce an yi rufa-rufa.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina: idan talakawan layi ɗaya sun ga wajibi ne su tantance mai gadi huɗu a fili, me ya sa ake ɗaukar dubban masu kaki da sunanmu, daga mazaɓunmu, ba tare da mun ga jerin sunayen ba sai bayan sun fito daga horo?

A bisa doka, ƙaramar hukuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a tarayya, kuma ba za a kafa wata ba. Jadawali na Huɗu, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da sanya wa tituna suna, bai ambaci aikin ɗan sanda ba. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka sakatariyar Magajin Gari, hedikwatar Kaduna ta Arewa, ba ta da hannu a wannan magana. Amma duk matashin da ya taɓa neman aikin ɗan sanda ya san inda ƙofar take. Ana raba guraben kurata ne bisa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Mai nema sai ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sai kuma ya samo manyan da za su sa hannu su tsaya masa, irin su basarake ko shugaban ƙaramar hukuma ko babban jami'in gwamnati. Ke nan ƙaramar hukuma ba ta ɗaukar ɗan sanda, amma da sa hannunta ake shiga layi.

Wannan ƙa'ida ta asali tana da wani ciwo na musamman a unguwa irin tamu. Malali unguwar ma'aikata ce tun fil azal. Rukunin gidajen gwamnati da Kwalejin Gwamnatin Tarayya sun tara mutane daga kowace kusurwar Arewa da ma Kudu. Yaron da aka haifa a nan, ya yi firamare da sakandare a nan, ya san kowane lungu daga Badarawa zuwa bakin kogi, yakan ji an ce ya koma garin kakansa ya nemo takarda. Wanda ya fi kowa sanin unguwa ya rasa gurbin unguwar, in ma ya samu aikin, sai a tura shi jihar da bai san harshenta ba.

A can sama ma rigimar ta jerin sunaye ce. Tun 2019 Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ofishin Sufeto Janar suke ja-in-ja kan wanda ke da hurumin ɗaukar kurata 10,000 a shekara, har Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya a watan Yulin 2023. Duk da haka, a watan Yunin 2024 rundunar ta fito fili ta ƙi amincewa da jerin sunayen da hukumar ta fitar, tana zargin an yi cushe, sai daga baya aka sasanta. Manyan hukumomi biyu sun shafe shekaru suna jayayya kan alƙalamin da ke rubuta sunaye, domin sun san mai riƙe da alƙalamin shi ne mai rundunar. Mutanen da za a tsare kuwa babu wanda ya tambaye su.

Da gibin tsaro ya yi yawa, gwamnatoci sun nemi hanyoyin kewaye sashe na 214. A 2020 gwamnatin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da Naira biliyan 13.3 domin shirin 'yan sandan al'umma, aka ɗebi 'yan sandan sa-kai daga ƙananan hukumomi. Ba a jima ba aka fara jin kukansu a wasu jihohi kan rashin biya, rundunar ta ce aikin na sa-kai ne tun farko. A Kano an yi ce-ce-ku-ce a 2023 kan rahotannin sanya wa wasu tubabbun 'yan daba wannan kaki. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaronta na al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a watan Janairun 2024. A nan Kaduna muna da rundunar 'yan sintiri ta jiha, KADVS, wadda aka kafa a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, kuma a watan Satumban 2023 Gwamna Uba Sani ya buɗe horar da sababbin jami'ai 7,000 a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, waɗanda aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 23 na jihar. Gwamnati ta bayyana cewa shugabannin ƙananan hukumomi da sarakuna da malaman addini da jami'an tsaro sun sa hannu wajen zaɓe da tantancewa. Wannan mataki ne mai kyau, kuma ya nuna ainihin inda shawarar take yankuwa: a teburin ciyaman da kansila da hakimi. Abin da ya rage shi ne a buɗe ƙofar ɗakin da teburin yake.

Arewa ta taɓa ganin 'yan sandan gida, kuma ya kamata ɗalibanmu su san yadda aka ƙare. Zamanin En'e, dogaran sarakuna ne Turawan mulkin mallaka suka sake wa fasali tun daga shekarun 1920, suka zama 'yan doka. Ɗan doka ya san gari ciki da bai, ya san ɓarawo da sunan uwarsa, kuma tsofaffinmu har gobe suna yabon yadda ake gano kayan sata a wancan lokaci. Amma da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha kamu da duka da ɗauri a hannun 'yan doka, saboda wanda ya ɗauke su aiki shi ne wanda ake adawa da shi. Hukumar Willink ta 1958 ta saurari irin wannan kuka daga ƙananan ƙabilu. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka kafa kwamitin Yusuf Gobir, ya ba da shawarar a haɗe 'yan sanda wuri ɗaya, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta aiwatar. An yi maganin zaluncin ɗan gida da baƙon da bai san gari ba, mun kuma rayu da wannan magani fiye da shekara hamsin. Aibin ɗan doka yana wurin wanda yake wa biyayya, domin mutum ɗaya ne ya ɗauke shi, shi ke biyansa, shi kaɗai kuma ke iya korarsa.

Na kawo wannan tarihi ne saboda abubuwa biyu suna tafe. Na farko, tun watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jihohi, kuma gwamnonin Arewa sun goyi baya. Na biyu, a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma a daina damƙa su ga kantomomi. Idan aka haɗa kuɗi a hannun ciyaman da guraben kaki a hannun jiha, ɗaukar jami'an tsaro zai zama babban abin rabo a kowace mazaɓa. A zaɓen ƙananan hukumomin Kaduna na watan Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki ce ta lashe dukkan kujerun shugabanni 23, kuma haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Majalisar da babu ɗan adawa a cikinta ba ta da mai ɗaga yatsa idan aka cusa sunan yaron da ya yi wa wani ɗaukar gora a kamfe. Wani ɗalibina ya taɓa zuwa ofishina yana roƙon in haɗa shi da kowane ɗan siyasa, domin an ce masa takardunsa ba su da amfani in babu wasiƙar babba. Ban iya yi masa musu da zuciya ɗaya ba.

Shawarata ga majalisar ƙaramar hukumarmu da sauran takwarorinta ba ta buƙatar gyaran tsarin mulki. Duk lokacin da aka ba ƙaramar hukuma gurbi, na 'yan sintiri ne ko na 'yan sandan sa-kai, a sanar da yawan guraben kowace mazaɓa da sharuɗɗan nema a rediyo da allon sakatariya da masallatai da majami'u. A liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa a ƙofar mai unguwa na tsawon mako biyu kafin a miƙa su. A kafa kwamitin mazaɓa mai ɗauke da mai unguwa da liman da fasto da wakiliyar mata da shugaban makaranta da wakilin baturen 'yan sandan yanki, ya karɓi ƙorafi. A amince da jerin ƙarshe a zaman majalisa na fili, a rubuta shi cikin kundin zama. A sa alawus ɗin jami'an cikin kasafin kuɗi, domin mai kakin da ba a biya shi ba daga aljihun ɗan acaɓa zai biya kansa. A kuma ba wanda aka haifa a unguwa ko ya daɗe cikinta damar shiga, ko da kakansa daga Bida ya zo ko daga Biu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, a farfaɗo da su su yi wannan aiki.

Na san abin da za a ce. Liƙa sunaye zai buɗe ƙofar sharri da hassada, kuma a yankunan da 'yan bindiga ke yawo zai iya jefa yaran cikin haɗari. Na yarda da na biyun: a ƙauyukan Birnin Gwari ko Giwa sai a taƙaita abin ga kwamiti amintacce. A cikin garin Kaduna kuwa ranar da yaro ya sa kaki kowa ya san shi, ɓoye sunansa kafin nan ba ya kare kowa sai mai cushe. Batun sharri kuma mun gwada shi a layinmu. An kawo ƙorafin da bincike ya nuna tsohuwar gaba ce kawai, aka yi watsi da shi, yaron ya kama aiki.

Yaran nan huɗu suna nan suna sintiri. Ran da ɗayansu ya mari wani almajiri, washegari aka kira shi gaban waɗanda suka ɗauke shi, kawunsa na zaune, ya ba da haƙuri, aka yanke masa albashin mako. Abin ya yiwu ne domin kowa ya san yadda ya shigo da kuma wanda ya tsaya masa. Ina roƙon kansilanmu na Badarawa da Malali, idan gurbi na gaba ya zo, ya kawo mana takardar mu gani kafin ya kai ta Magajin Gari.