TARIHIN AREWA YANA AJIYE A IBADAN

Mutanen Arewa da yawa sun shekara goma ko ashirin a unguwar Sabo ta Ibadan, suna cinikin goro da shanu, ba su taɓa jin cewa wani babban kaso na tarihin kakanninsu yana ajiye a cikin garin nan da suke zaune ba. Wurin kuwa shi ne babban laburaren Jami'ar Ibadan, wanda ake kira da sunan Kenneth Dike, watau ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci makarantar, tun daga 1960.

An kafa laburaren cikin 1948, shekarar da aka buɗe makarantar kanta. Harsashinsa shi ne littattafan Mista Henry Carr, wani malami mutumin Ikko wanda ya rasu cikin 1945, ya bar littattafai kimanin 18,000. Cikin 1950 kuma aka yi dokar da ta ce duk littafin da aka buga a Nijeriya sai an aika wa laburaren da kwafi. Ta haka ne aka tara wani sashe na musamman mai ƙunshe da littattafan Afirka, da tsofaffin takardu, da rubuce-rubucen hannu.

Wannan sashe ba kamar sauran ba ne. Irin waɗannan littattafai ba a ba da aronsu zuwa gida, a nan ake zama a karanta. Takardun wasu sun yi ja don tsufa, in aka buɗe su da gaggawa sai su karye kamar busasshen ganye.

Mai ziyara ɗan Arewa zai fi daɗewa kan littattafan Turawan da suka yi yawon leƙen ƙasa kafin zuwan mulkin mallaka. Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato cikin 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da zai komo karo na biyu sai ya sauka a Badagry a ƙarshen 1825, ya keta ƙasar Yarbawa, ya bi ta Borgu. A can ya gamu da ayarin fataken Hausa suna dawowa daga Gwanja da goro. Ashe tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijeriya, Bahaushe ya riga ya san hanyar Kurmi. Clapperton ya rasu a Sakkwato cikin 1827.

Bayansa sai Dokta Barth, Bajamushe, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya shiga Kano cikin 1851, ya ƙiyasta mutanenta 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin rani sa'ad da fatake ke shigowa. Ya yi bayanin masaƙa da marina, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu. Labarin tafiyarsa ya cika manyan littattafai biyar. Da zai koma Turai cikin 1855 ya tafi da wani yaro mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka taɓa kamawa bawa. Daga bakin yaron nan ne wani ɗan mishan, Mista Schön, ya rubuta labarai da tatsuniyoyi, aka buga su cikin 1885 da sunan Magana Hausa.

To, amma fa waɗannan duk ido ne na baƙo. Idon baƙo ya fi ganin gari, amma ba shi ya san lungu ba. Abin da ya ƙara wa laburaren daraja shi ne, bai tsaya ga maganar Turawa kaɗai ba. Tun farkon shekarun 1950 wani ma'aikacinsa, Mista Kensdale, ya shiga tattara rubuce-rubucen Larabci na malaman Arewa, ya kuma tsara sunayen littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da na ƙanensa Malam Abdullahi, da na ɗansa Muhammadu Bello. Cikin 1964 aka buɗe wata cibiya a jami'ar don ci gaba da wannan aiki, ana karɓar aron littattafai daga hannun malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su.

Saboda haka mai bincike zai iya ɗora abin da Clapperton ya faɗa game da Bello a gefe guda, ya ɗora Infaƙul Maisuri wanda Bello ya rubuta da kansa a ɗaya gefen, ya auna. Haka nan zancen 1903, shekarar da sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli. Wanda ya karanta rahoton mai nasara kaɗai, rabin labari ya ji. Takardun gwamnatin mulkin mallaka kuwa ba su da nisa, gama ofishin ajiyar takardun tarihi na ƙasa, wanda aka kafa cikin 1954 bisa ƙoƙarin Dike, yana cikin harabar jami'ar.

Babban abokin gabar takarda a Kurmi shi ne laima, sai gara da kyankyaso. Malamai da yawa sun zo Kudu da littattafan da suka gada a cikin gafaka, da wasiƙun Ajami na iyaye da kakanni. In mai su ya rasu, sau da yawa magada ba su san darajarsu ba, sai su ruɓe a ƙarƙashin gado. Takarda ɗaya in ta lalace, ba a samun madadinta a kasuwa.

Don haka jama'a mazauna Ibadan, da Ikko, da Abekuta, da Shagamu, duk mai irin waɗannan takardu ya duba su, ya raba su da ƙasa da danshi, ya nemi shawarar masu aikin laburare kan yadda za a ɗauki hotonsu. Iyaye kuma su ƙarfafa wa 'ya'yansu masu karatu gwiwa su nemi izinin shiga wannan wuri, su karanta abin da aka rubuta a kan garuruwansu. Allah ya sa a dace, amin.